Gangar jikin inji: abin da ake dubawa kafin a tayar da tsohuwar Land Cruiser

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da rumfunan masu kayan gyaran mota na Agadas, akwai wani ciniki da ake ƙullawa da ido alhali abin da ake saye ya fi ƙarfin ido. Injuna ne jere bisa tsofaffin tayoyi, an wanke su da fetur, wasu har an feshe su da baƙin fenti. Mai saye ya zagaya, ya kama fuli ya juya da hannu, ya ji tauri, ya ce injin yana da ƙarfi, sai a shiga maganar kuɗi. Da wuya ya tambayi lafiyar sashen da dukkan sauran sassan ke zaune a kansa, wanda kanikawa ke kira bulok, wato gangar jikin injin.

Bulok dunƙulen ƙarfe ne guda ɗaya da aka narka aka zuba a mazubi. A cikinsa akwai ramukan silinda inda fistin ke hawa da sauka, da hanyoyin ruwan sanyaya inji, da hanyoyin baƙin mai, da mazaunin karanshaf a ƙasa. Duk abin da ke kewaye da shi ana sauyawa: ringi, metal, gasket, famfon mai, famfon ruwa, har top silinda ɗungurungum. Amma kowane sabon abu da za a ɗaura, da awon bulok ake auna shi. Idan ramin silinda ya zama ƙwai maimakon da'ira, sabon ringi ba zai kama ba. Idan fuskar sama ta lanƙwashe, gasket mafi tsada zai ƙone. Shi ya sa mutum zai kashe kuɗin sabbin kaya masu kyau, bayan wata uku motar ta koma shan baƙin mai da fitar da shuɗin hayaƙi, a ɗora wa bakanike laifi ko a ce kayan jabu ne.

A cikin gari, asarar kuɗi ce da ɓacin rai. A arewacin Nijar kuwa lamarin ya wuce haka. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, bayan motocin da suka ɗauke su sun lalace. A 2017 wasu 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, su ma saboda motarsu ta tsaya. Duk direban da ke ratsa Tenere, ko yana kai kaya Bilma ne ko yana kai mahaƙa zinariya Jado, ya san cewa tsayawar inji a can tana nufin a fara lissafin jarkokin ruwa.

Wannan ƙasa ce da Toyota ta daɗe da mallaka. Kamfanin ya fara ƙera motar a 1951, ya raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Samfurin 60 ya fito a 1980, samfurin 70 a 1984, kuma har yau ana ƙera na biyun. A 1987 sojojin Cadi suka fatattaki rundunar Libiya a Fada da Wadi Dum bisa ƙananan motocin Toyota, har yaƙin ya ɗauki sunan kamfanin. Tun daga lokacin babu wani gari mai gareji tsakanin Kano da Faya da za a rasa wanda ya san cikin waɗannan injuna.

A ɗauki misalin mutumin da ke da HJ60 ta shekarun 1980, bodinta lafiya, shasinta bai ci tsatsa ba saboda bushewar ƙasar, amma injin ya buga. Injin da ta zo da shi sunansa 2H: na gas ne, silinda shida a jere, lita 4.0, kuma haƙoran ƙarfe ne ke daidaita lokacin buɗe bawul, babu bel ɗin da zai tsinke. Kanikawa na ƙaunarsa saboda sauƙinsa. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba: an daina sa shi a Land Cruiser wajen 1990. Ke nan bulok ɗin 2H mafi ƙuruciya da za a samu a kasuwa ya haura shekara talatin, kuma ba a san hannu nawa ya bi ba.

Abin da ya gaje shi shi ne 1HZ, wanda ya fito a 1990: lita 4.2, faɗin silinda milimita 94, tafiyar fistin milimita 100, ƙarfinsa wajen doki 130. A takarda wannan ƙarfi abin dariya ne ga motar da ta haura tan biyu kafin a ɗora mata kaya. Amma injin ba ya buƙatar kwamfuta, famfonsa na feshin mai na ƙarfe ne zalla, kuma Toyota ta ci gaba da sayar da sabbin motoci da shi ga Afirka da ƙungiyoyin agaji shekaru da dama bayan ƙa'idojin hayaƙi sun kore shi daga Turai da Japan. Farar mota mai dogon bodi da ake gani da tambarin Red Cross ko na Médecins Sans Frontières, galibi shi ne a cikinta. Fa'idar hakan ga mai gyara ita ce kayansa na asali suna nan, kuma bulok ɗinsa mai ƙarancin shekaru yana samuwa.

To, ga mai HJ60 ɗin nan hanyoyi sun rabu. Ko ya gyara bulok ɗin motarsa, ko ya nemi wani 2H ɗan gwanjo, ko ya ɗaura 1HZ, ko ya sayi ɗaya daga cikin sabbin bulok marasa tambarin Toyota da ake shigowa da su daga Sin. Yawancin mutane sun fi karkata ga na gwanjo, kuma suna da hujja, ko da yake hujjar ta tsufa.

Ga asalinta. A Japan ana yi wa mota binciken dole mai tsada, na farko bayan shekara uku, daga nan duk shekara biyu, abin da ke sa mutane rabuwa da motoci tun da sauran ƙarfinsu. Sannan a farkon shekarun 2000 aka tsaurara dokokin hayaƙin gas a manyan biranen ƙasar, ciki har da matakin da birnin Tokyo ya fara aiwatarwa a 2003, sai tsofaffin motocin gas suka rasa wurin zama. Aka yanka su, injunansu suka bi jiragen ruwa zuwa Sharja da Dubai, daga can zuwa Kwatano da Legas, kasuwar Ladipo ta rarraba su zuwa arewa. A wancan zamani wanda ya sayi inji ɗan Baljiyam, kamar yadda ake kiran duk kayan gwanjo na waje ko daga ina suka fito, yakan dace da injin da ya yi rayuwarsa a kan kwalta mai tsabta, yana shan mai mai kyau. Yau sama da shekara ashirin ke nan da wannan ambaliya. Abin da ke zuwa yanzu da wannan suna ya haɗa da injunan da suka yi aiki a mahaƙar ma'adinai, da waɗanda suka gaji a hamadar ƙasashen Larabawa, da na gida da aka wanke aka fesa wa fenti. Sunan Baljiyam ya daina zama shaida.

Saboda haka dole a buɗe, kuma a nan ake samun taƙaddama. Bakanike mai amana zai ce wa mai mota: "Alhaji, kar a biya sai na ɗaga top na ga cikinsa." Mai kaya kuma ya ce wanda ya kwance ƙusa ɗaya ya saya, garantinsa na 'yan kwanaki ya tashi. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Sai dai garantin kwana bakwai yana kare mutum ne daga injin da ya ƙi tashi ko ya yi ƙara tun ranar farko, alhali cututtukan bulok sukan bayyana ne bayan watanni, a cikin zafin bazara, da kaya a baya. Ga wanda ke nufin gyara na gaskiya, ya fi masa ya nemi ragi ya sayi bulok tsirara ko rabin inji a buɗe, inda zai ga abin da yake biya.

Abin da ake fara dubawa shi ne ramukan silinda. Fistin ba ya cin rami daidai-wa-daida: ya fi cin sama, inda zafi da matsi suka fi yawa kuma baƙin mai ya fi ƙaranci, ya kuma fi cin gefen da yake jingina a kai idan wuta ta tura shi ƙasa. A can ƙololuwa, inda ringi ba ya kaiwa, akan bar wani ɗan tudu. Tsofaffin kanikawa na gwada shi da farce. Idan farce ya maƙale, ramin ya ci. Gwaji ne mai amfani wajen ƙin saye, amma bai isa dalilin saye ba, domin tazarar da ake magana a kanta ta ɗarurrukan milimita ce, ƙasa da kaurin gashin kai. Wannan sai ma'aunin rami mai agogo, a auna sama da tsakiya da ƙasa, a tsaye da a kwance, a silinda shida duka. Masu injin borin na kirki suna da shi. Wanda ya ce zai gane da yatsa, a gode masa a wuce.

Awon nan yana bayyana wani abu na biyu: ko an taɓa faɗaɗa ramin. Bulok na ƙarfen zubi yana da rayuka fiye da ɗaya, domin idan ya ci ana iya yi masa borin a sa fistin mai ɗan ƙarin faɗi, galibi rabin milimita. Wanda har yanzu yake kan awonsa na asali, ko da ya ci, yana da sauran rai a gaba. Wanda aka riga aka kai shi iyaka sai dai silif, wato a rarake ramin a danna masa hannun riga na ƙarfe. Shi 1HZ daga masana'anta ba shi da silif. Idan aka gan shi a ciki, wani ya riga ya yi masa aiki, kuma ingancin aikin ya dogara ga hannun da ba a sani ba. Silif da aka danna da kyau yana daɗewa. Wanda aka yi wa ha'inci yakan zame ƙasa, ko ya hana zafi ratsawa zuwa ruwa, fistin ya kama.

Bayan ramuka sai tsaga. Injin da ya taɓa tafasa, musamman idan direba cikin firgici ya kwarara masa ruwan sanyi yana da zafi, yakan tsage a siririn bangon da ke tsakanin silinda biyu, ko a gefen ramukan ƙusoshin top. Tsagar takan fi gashi siranta, kuma fenti na rufe ta sarai. Wannan kaɗai ya isa a yi zargin duk bulok ɗin da ya cika ƙyalli. Akwai gwajin zamani na maganaɗisu da garin ƙarfe, akwai na toshe hanyoyin ruwa a hura iska a ga inda kumfa zai fito. Inda babu waɗannan, akwai wata tsohuwar dabara da masu gyaran jirgin ƙasa suka yi amfani da ita tun kafin zuwan na'urori: a wanke ƙarfen tas, a jiƙa shi da kananzir, a goge, a shafa alli. Kananzir ɗin da ya ɓuya cikin tsaga zai tsattsafo ya zana layi a kan farin allin. Kuɗin gwajin bai kai na kwanon abinci ba, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika yinsa ba.

Fuskar sama ana gwada ta da miƙaƙƙen ƙarfe da siraran ganyayen awo. Idan ta lanƙwashe ana iya share ta a injin, amma a injin gas wannan yana da sharaɗi. Fistin ɗin 1HZ yana ɗan leƙowa sama da fuskar bulok idan ya kai ƙololuwa, kuma kaurin gasket ana zaɓarsa ne bisa awon wannan leƙowa, shi ya sa gasket ɗinsa ke zuwa da kauri daban-daban masu alama a gefe. An share fuska, leƙowa ta ƙaru. Idan aka ɗauko gasket ɗin da ya zo hannu aka ɗaura, fistin da bawul na iya gaisawa. Haka nan murfin mazaunin karanshaf: tare da bulok ɗinsa aka huda shi a masana'anta, saboda haka na wani bulok ba ya zama daidai ko da lambarsu ɗaya. Bulok tsirara da aka kawo ba tare da murfinsa na asali ba, darajarsa ta kilon ƙarfe ce.

Akwai kuma ɓarnar da ƙasar nan da kanta ke yi wa ƙarfe, wadda ke sa a yi wa bulok na gida kallon tsanaki. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi, tana ɗauke da siliki mai kaifi. Ƙaramar ɓula a robar da ke tsakanin matatar iska da inji ta isa ta goge ramukan silinda cikin ɗan lokaci, su yi sumul kamar madubi, ƙananan zane-zanen da ke riƙe baƙin mai su shafe. Ruwa ma haka. Da yawa ba sa sa ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, ruwan rijiya suke ɗurawa a lagireto, kuma a wurare irin su Bilma da Fashi ruwan na ɗauke da gishiri da kanwa. Da shekaru sai hanyoyin ruwa su yi ɓawo daga ciki kamar tsohuwar butar shayi, silinda ta ƙarshe da ke can baya ta riƙa zafi fiye da 'yan'uwanta ba tare da agogon zafi ya nuna komai ba. A cire ƙananan murafun da ke gefen bulok a haska tocila; abin da aka gani a ciki ya fi duk rantsuwar mai kaya. Ga kuma man gas mai yawan sulfa da aka daɗe ana sayarwa a Afirka ta Yamma, wanda rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ya fallasa a 2016: sulfa na komawa ruwan guba a cikin baƙin mai, ya ci metal da bangon silinda, musamman idan ana jinkirin juye.

Idan bulok ɗin motar ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje, gyara shi ya fi komai hankali. An san tarihinsa, ya dace da giyarsa da mazauninsa, lambarsa ce a takardu. Idan bai tsallake ba, kuma motar ta aikin hamada ce, neman wani 2H tamkar auren tsohuwar da ba a san danginta ba ne. 1HZ ya fi cancanta, muddin an shirya wa abin da sauyin ke jawowa. Mazaunan inji sai an sake su, mahaɗin inji da giya da kuloci sai an daidaita, salansa da robobin lagireto su ma haka. Da yawa daga cikin motocin gas na wancan zamani wutarsu bolt 24 ce, injin da aka sayo kuma yana iya zuwa da kik da altaneta na 12. Sannan an karɓi wani sabon nauyi: 1HZ yana da bel na daidaita bawul, wanda ake sauyawa bayan kilomita 100,000 ko 150,000 dangane da shekarar injin, kuma idan ya tsinke ɓarnar ba ƙarama ba ce. Direban da ya saba da 2H bai taɓa tunanin wannan ba.

Sabbin bulok marasa tambari kuwa, araha ce ke tallarsu, kuma wasunsu suna aiki. Amma ingancin ƙarfen zubi ba a ganinsa daga waje, kuma ba kowace masana'anta ke da awo ɗaya ba. Wanda ya saya ya auna shi kamar yadda zai auna na gwanjo, kar sabuntar kwali ta yaudare shi.

Jarabar da ta fi kama masu 1HZ ita ce tabo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa ta tura ƙarin iska cikin inji. Kwaɗayin yana da dalili: injin da ke shaƙar iska da kansa yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita ɗari, abin da direbobin duwatsun Ayar suka sani a jikinsu. Toyota kanta ta yi ɗan'uwansa mai tabo, 1HD-T, lita 4.2 shi ma. Sai dai kamannin waje ne. A 1HZ ana fesa man ne cikin wani ƙaramin ɗaki a top silinda, ya fara kamawa a can sannan ya faɗo kan fistin, kuma matsinsa ya haura 22. A 1HD-T feshin kai tsaye ne cikin wani ƙoƙo da aka rarake a kan fistin, matsin kuma an sauke shi ƙasa da 19 don a bar wa tabo wuri. A Ostareliya ana ɗaura wa 1HZ tabo da yawa, amma da agogon auna zafin hayaƙi da famfon da gwani ya saita. Wanda ya ɗaura ba tare da waɗannan ba, ya kuma buɗe wa famfo mai don ya ji daɗin hawan tudun rairayi, ƙarshensa fasasshen fistin ne ko tsagaggen top.

Wasu kuma sukan bar gas gaba ɗaya su koma fetur, 3F ko 1FZ mai lita 4.5. A Najeriya lissafin ya taɓa zama a fili: a ƙarshen 2022 litar gas ta haura naira 700 yayin da farashin fetur na hukuma bai kai 200 ba, kuma fetur ɗin nan mai tallafi yana tsallakawa Nijar a jarkoki. Cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage wannan tazara ƙwarai. Injin da aka zaɓa saboda farashin mai na bana zai zauna a motar shekara goma ko fiye, farashin kuwa sanarwa ɗaya ke juya shi. Abin da ba ya sauyawa shi ne litar gas ta fi ta fetur kai mota nesa, kuma a tafiyar da babu gidan mai kowace jarkar mai tana cin gurbin jarkar ruwa. Injunan fetur na baya-bayan nan irin 1GR mai silinda shida suna da gudu, amma bulok ɗinsu na alminiyam ne mai siririn silif da aka zuba tare da shi, wanda kamfanin bai tanadi a yi masa borin ba.

Saura takardu, waɗanda ake mantawa da su har sai an isa shingen bincike. Lambar inji a jikin bulok aka buga ta, kuma a Najeriya tana cikin takardun mota tare da lambar shasi. Sauya bulok sauya wannan lamba ne. Kafin a biya, a goge wurin a duba ko an taɓa shi da faifan goge ƙarfe ko an sake buga lambobin, domin injin motar sata ma a kasuwa yake ƙarewa. Mai saye ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar da sunan shago, ya kai ofishin rajistar motoci a gyara takardunsa kafin motar ta bar gari. Ga wanda zai ƙetare iyaka ta Maigatari ko Jibiya ko Kwangwalam, jami'in da ya ɗaga bonet zai gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke cikin takarda, kuma idan suka saɓa, motar a nan za ta kwana.